Wace roba ta dace da akwatin na'urar lantarki?

Samarin Katsina masu haɗa cajar sola da ƙananan inbata sun tattauna kan akwatin da za a saka na'ura idan guda ashirin ko talatin kawai za a yi. Ga abin da na tsinta.

An fi daɗewa kan zafi, kuma da dalili. Robar da ake kira PLA tana da sauƙin bugawa a firintar 3D (injin da ke ƙera abu da narkakkiyar roba), amma tana fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Celsius. A bar ta cikin mota a rufe a watan Afrilu, murfin zai lanƙwashe har sukurori su daina kamawa. Robar PETG tana jure kusan digiri 80, robar ABS kuwa wajen 100. Sai dai rana na sa ABS ta yi rawaya ta tsattsage, don haka abin da zai zauna a waje robar ASA ta fi dacewa da shi. Ni ma nan na tsaya.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ya ce, "Yarana, ku sayi akwatin ABS na kasuwa ku huda, kada ku wahalar da kanku." Ga ƙaramin aiki, gaskiyarsa ce.

Wajen gyaran fuskar akwatin: a goge da sanfefa mai lamba 220, sannan 400, a fesa firama (fentin share fage), sai fenti marar sheƙi siriri sau biyu, a ɗaki a rufe saboda ƙurar hunturu. Tururin sinadarin asiton na sa ABS ta yi sulɓi, amma yana kama wuta.

Robar PVC kam, wadda ake yin fayif ɗin ruwa da ita, kada a yanka ta da injin yanka mai hasken leza, hayaƙinta guba ne.