Rahoton ƙarshen wata yana yanke mini a SAP, a ba ni shawara

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a sashen lissafi na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Apapa, wata na bakwai ke nan. Duk ƙarshen wata oga yana son in ciro masa takardun cinikin da muka yanka wa diloli daga teburan VBRK da VBRP na SAP, manhajar da kamfaninmu ke ajiye lissafinsa a ciki, in zuba masa a Excel. Da farko abin lafiya lau. Tunda aka haɗa mana lissafin defot ɗin Kano da na Onitsha, in na danna F8 don ya ciro bayanan sai ya yi ta juyi wajen minti goma, sannan allo ya kawo TIME_OUT. Ranar Juma'a na zauna ina gutsura shi kwana uku-uku har tara na dare, ana cikin haka aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi haɗina ya yanke. Sha ɗaya da rabi na shiga gida. An ce in tura shi bayan fage, wato ya yi ta aiki da kansa ba sai ina zaune gaban allo ba, amma wallahi ban san ta ina zan fara ba.

Baban Khadija, Ikeja:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ba kwamfutarka ce da laifi ba. Duk abin da ka danna kana zaune gaban allo, SAP yana ba shi ƙayyadadden lokaci ne, wurare da yawa daƙiƙa 600, wato minti goman da ka gani. In ya wuce sai ya datse shi don sauran ma'aikata su samu wuri. Aikin bayan fage ba shi da wannan igiyar, kuma a kan saba, wato babbar kwamfutar da SAP ke kai, yake gudu, ko ka kashe kwamfutarka ka kama hanyar Oshodi yana nan yana yi.

Ka cika ranakun da kake so a SE16, shafin duba tebura, maimakon F8 ka danna F9, zai tambaye ka lokacin farawa. In kuma kana so ya riƙa maimaita kansa duk wata, ka adana zaɓinka da suna, ka tsara aikin a SM36. Da safe ka duba SM37: in ya kammala sakamakon yana SP01, in ya faɗi ka buɗe bayanan aikin, sannan ka leƙa ST22 ka ga dalili.

Na Mile 12:
Ni da ni ne, zan ce mutanen Basis, masu kula da tsarin SAP, su ƙara minti goman ya koma awa ɗaya, a wuce wurin.

Baban Khadija, Ikeja:
Haba malam. Don mutum ɗaya a bar kowa ya riƙa riƙe layi awa guda? Ba mai hankalin da zai yarda.

Hajiya Maman Yusra:
Ɗana, kafin ka tsara komai je ka gaida mutanen Basis. Guraben aikin bayan fage ƙidayayyu ne, kuma daren ƙarshen wata nan ne albashi da rufe lissafi suke gudu. A inda na yi aiki da, wani yaro ya saki BSEG, ƙaton teburin lissafi, babu ko kwanan wata da ƙarfe goma na safe. Har azahar manyan motoci na jere a bakin sito, takardar fita ta ƙi fitowa, direbobi sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota suna barci. Ka bar naka a aji C, wato mafi ƙarancin fifiko, ka sa shi wajen biyun dare. Ka kuma tambaya agogon saba na Najeriya ne ko kuwa, don wasu suna bayanmu da awa ɗaya.

Injiniya Idi-Araba:
Duk gaskiya suka faɗa, amma ni ban so ka dogara da SP01 ba. An yi shi ne don bugawa a takarda, tebur mai faɗi kamar VBRP yakan fito a karye, sai ka kwana kana gyaran ginshiƙai. Kuma shafin Excel ba ya wuce layi 1,048,576.

Ka roƙi mai rubuta muku ABAP, harshen shirye-shiryen SAP, ya yi ɗan shiri da zai haɗa teburan biyu, ya riƙa ɗibar bayanan kashi-kashi da PACKAGE SIZE, ya rubuta fayil a kan saba da OPEN DATASET. Ka ja masa kunne kada ya sa GUI_DOWNLOAD, domin a bayan fage babu allon da zai sauke wa, aikin faɗuwa zai yi. Za ka ga fayil ɗin a AL11, ka sauke da CG3Y in an ba ka izini.

Abin da ya fi cin mutane kuwa shi ne takardun da aka soke. Ka duba ginshiƙin FKSTO a VBRK, in akwai X an soke ta. In ka bar su a ciki jimillarka ba za ta taɓa yin daidai da ta akanta ba. Sannan akwai bayanan diloli a fayil ɗin, kuma tun 2023 muna da dokar kare bayanai, kada ka tura shi Gmail ɗinka wai za ka ƙarasa a gida.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Na je wurin Basis kamar yadda Hajiya ta ce, sun ba ni ƙarfe biyu da rabi. Yau da safe na tarar ya kammala cikin minti 47. Shirin ABAP ɗin an ce sai mako mai zuwa, don haka na lallaɓa da SP01 tukuna. Injiniya, maganar FKSTO ta tsorata ni: ashe rahoton watan jiya da na miƙa har da sokakku a ciki. Yanzu ina tunanin yadda zan shiga ofishin oga da wannan labari.

Hajiya Maman Yusra:
Ka shiga da gyararren a hannunka, kafin akanta ya riga ka.