Waɗanda suka taɓa buga tanis a filin jar ƙasa, ku zo mu ji

Mai Koyarwa, Gusau: Assalamu alaikum. Yaran da nake koya wa tanis siminti kawai suka sani. Idan suka ga gasar Faransa da ake bugawa a jar ƙasa a talabijin, inda Rafael Nadal ɗan ƙasar Sifen ya ɗauki kofi sau 14 tsakanin 2005 da 2022, sai su ɗauka jar ƙasa ta Turawa ce kaɗai. Na ce musu ai Kaduna ma ta yi gasarta ta jar ƙasa. Iyayenmu da yayyenmu da suka buga, ko suka yi aikin filin, don Allah ku ba mu labari in karanta musu.

Dattijon Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam ɗana. Ni da tsintar ƙwallo na fara, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991. Filin da munka tashi cikinai marmara ce anka daka anka tankaɗe, aka haɗa da ƙasar suri don ta kama. Aikinmu da asuba shi ne ɗibar ruwa. A yayyafa, a jira ƙasa ta sha, sannan mutum biyu su ja rola tsaye da kwance. Bayan nan a ja buhu a share, a ɗaure igiya a zuba farar ƙasa a fitar da layi. Tsawon fili mita 23.77 ne, kuma duk taku ɗaya sai ya sha ruwa. Da hunturu kuwa kafin hantsi ya bushe, iska ta kwashe saman, sai a sake. Wanda bai ja rola ba, ba a ba shi aron raket da marece. Haka munka koya, kuma har yau ina ganin tarbiyya ce mai kyau.

Ɗiyar Kaura: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni a makarantar kwana na buga, farin takalminmu kullum ja yake komawa. Abin da ya fi burge ni, ƙwallo tana barin tabo inda ta faɗi. In gardama ta tashi, malama ta sauko ta duba, magana ta ƙare.

Tsohon Ɗan Wasa, Argungu: Ni na je gasar Kaduna, na kuma je ta Dala a Kano. Mu da muka fito daga wannan yanki a motar haya muke zuwa, raket ɗaya, in tsirkiya ta tsinke sai aro. Ranar farko a Kaduna wani ya fitar da ni, ba don ya fi ni ƙarfin hannu ba. Shi ya iya sulɓi, yana zamewa ya tari ƙwallo, ni kuwa ina gudu ina cijewa. A jar ƙasa ƙwallo tana rage gudu, tana tashi sama, duk dukan da ka yi sai ta dawo maka. Mai haƙuri da numfashi ke ci. Lokacin sunan Nduka Odizor, ɗan wasan Najeriya, ke bakin kowa, saboda ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon ta Ingila a 1983.

Mai Koyarwa, Gusau: Yaya, to me ya kashe filayen nan?

Dattijon Birnin Kebbi: Ruwa da hannu, ɗana. Namu, da mai kula da shi ya tsufa ba a ɗauki wani ba. Damina biyu ciyawa ta cinye shi, daga baya anka zuba siminti. Ban ga laifin masu zubawa ba, siminti ba ya neman ruwa kullum. Amma gwiwoyina sun san bambanci, shi ya sa na aje raket.

Ɗiyar Kaura: Malam, marmara dai ba ta ƙare a Zamfara ba. In akwai rijiyar burtsatse kusa da inda kuke, ku gwada fili ɗaya. Baba, za ka iya zuwa ka nuna musu haɗin ƙasar?

Dattijon Birnin Kebbi: In sun samu rola, su kira ni bayan damina, in sha Allahu.