Malamar 'yata ta ce in riƙa zuwa aji sauraron karatun yara, ya kuke gani?

Maman Nana:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu zama a Ingila. Mun zo Manchester a 2023, maigidana ma'aikacin jinya ne, yawanci aikin dare yake yi. Babbar 'yarmu tana aji ɗaya na firamare. Ranar Litinin da na je ɗaukarta, malamarsu ta tare ni a bakin ƙofa ta miƙo min takarda, ta ce suna neman iyayen da za su riƙa zuwa awa ɗaya a mako, yara su yi musu karatu ɗaya bayan ɗaya. Wai Nana ce ta faɗa mata mamanta malama ce. Gaskiya ne, ina da NCE, na koyar shekara huɗu a Zariya kafin mu taso.

Tun ranar takardar tana kan firiji, na kasa cikewa. A gida dai kun sani, uwa ba ta shiga aji. Ki kai yaro, ki biya kuɗin PTA, ki je ranar karɓar sakamako, shi ke nan. In aka aiko kiranki a tsakiyar zango, to yaro ya yi laifi. Abin da ya fi damuna kuma harshena ne. Nan ba sunan harafi ake faɗa ba, sautinsa ake fitarwa a haɗa, har Nana kan gyara min in muna yin littafin da take zuwa da shi a jaka. Ina tsoron in ɓata wa 'ya'yan mutane abin da aka koya musu. Maigida kuma ya ce in bar malamai su yi aikinsu, kada a ga kamar shisshigi. Sannan ga wani bincike wai DBS a jikin takardar. Wanda ya taɓa yi ya taimaka min.

Hajiyar Birmingham:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗauko takardar nan ki cike ta yau. Shekarata 19 a ƙasar nan, 'ya'ya huɗu na fitar daga firamare, kuma na fari shi ne ya fi shan wahala, saboda a lokacinsa ina ajiye shi a ƙofa ne in juya, irin yadda muka taso. Sai da aka zo taron iyaye, wanda minti goma kacal ake ba kowa da malama, na ji cewa wata shida yaron nan bai buɗe baki a aji ba. Ni kuma ina gida ina cewa ai da da matsala da sun kira ni. A nan shirun uwa ba kara suke ɗaukarsa ba, ɗauka suke ba ta damu ba.

Maganar sauti kada ta firgita ki. Da ba, be, bi, bo, bu muka koyi boko, haɗa sauti ne shi ma. Za su zaunar da ke su nuna miki tsarinsu kafin ki fara. Kuma ki sani, a watan Yuni ake yi wa 'yan aji ɗaya gwajin karatu na kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, da hoton ɗan dodo a gefe don yaro ya san ba kalmar gaske ba ce. Galibi 32 ake so yaro ya samu, wanda bai kai ba ya sake a aji biyu. Shi ya sa suke neman hannu yanzu. Abin da kika koya a can, da shi za ki taimaki Nana a gida.

DBS duba ne kawai ko mutum yana da tarihin laifi, duk mai hulɗa da yara a kai a kai ana yi masa, kuma ba a karɓar kuɗinsa daga mai aikin sa-kai. Tunda ba ki daɗe da zuwa ba, ƙila su nemi takardar shaidar 'yan sanda daga Najeriya. Abu ɗaya: in sun yi bikin tara kuɗi aka ce a kawo abinci, ki kai masa ko cincin, amma ban da duk abin da gyaɗa ta taɓa. Makarantu da yawa sun hana, akwai yaran da ko kaɗan suka ci sai asibiti. Yajin tsire ma da ƙuli-ƙuli a cikinsa, ki tuna.

Abban Sadiq:

Maman Nana, a gaida maigida, a ce masa ɗan uwansa a Leeds ya ce ba shisshigi ba ne tunda su suka nema. Ni ma irin tunaninsa nake da shi da. Yanzu shekarata biyu ina wakiltar iyaye a majalisar gudanar da makarantar yarana. Iyaye ne ke zaɓa, wa'adin yawanci shekara huɗu. A teburin nan ake maganar kasafin kuɗi da ɗaukar shugaban makaranta, kuma kafin in shiga babu Musulmi ko ɗaya a wurin, alhali yaranmu sun cika ajujuwa. A nan na san cewa ranar Sallah makaranta na iya ba yaro izinin fashi saboda ibada in an sanar tun da wuri, amma tafiya gida hutu ana tsakiyar karatu ba izini tara ce: tun Agustan 2024 fam 80 kan kowane yaro, uwa daban uba daban, ta koma 160 in an wuce kwana 21 ba a biya ba.

Gargaɗina biyu ne, tunda kin koyar a gida. Hannu ba ya taɓa yaro, ko jan kunne da wasa. Kuma abin da kika gani game da ɗan wani a aji, a aji zai tsaya, ko da uwarsa ƙawarki ce.

Ummu Haidar:

Ni dai ina ganin kowa da halinsa. Aikin kula da tsofaffi nake yi, awa 12 a tsaye, ba ni da safiyar da zan ba makaranta. Minti goma na karatu kullum bayan magariba, in sa hannu a ɗan littafin da malama ke dubawa, in rubuta mata inda ya tsaya. Ta nan muke magana da ita. Kada wadda ba ta da hali ta karanta wannan ta ji kamar ta gaza.

Maman Nana:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ummu Haidar, gaskiyarki, ni ma don ba na aiki yanzu ne. Na karanta wa maigida saƙon Abban Sadiq, ya yi shiru, can ya ce ranar Alhamis ba ya aiki, zai riƙe min ƙaramin. Da safen nan na mayar da takardar ofis tare da fasfo ɗina da takardar kuɗin wuta mai adireshinmu. Malamar ta ce kafin binciken ya fito in zo gobe ƙarfe tara in zauna a bayan aji in ga yadda take haɗa sautin. Hajiya, wace irin masa kike kai musu, da miya ko da sukari?