Neman shawara: ƙanena zai aiko mini da waya daga Amurka, shin za ta yi aiki a Kamba?

Mai tambaya, daga Kamba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ni ɗan kasuwa ne a Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, harkata shinkafa ce da albasa, kuma da yawa daga cikin abokan cinikina suna tsallaken iyaka ne, a Gaya da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Saboda haka layuka uku nake riƙewa: MTN wanda banki da iyali suka san ni da shi, Airtel don data, sai layin Nijar guda ɗaya da nake sakawa idan na tsallaka.

Ƙanena da ke aiki a Amurka ya ce zai aiko mini da iPhone 14 ta hannun wani da zai zo gida. Ya shaida mini cewa ba kuɗi hannu ya saye ta ba, kamfanin layinsa ne ya ba shi bisa yarjejeniyar biya duk wata, kuma da sauran watanni kafin ya kammala. Wani ya ce mini wayoyin Amurka ba su da wurin saka sim, wani kuma ya ce kada in damu, a Kano ana buɗe kowace irin waya. Ba na son mayar da hannun kyauta baya, ba na kuma son yaron ya yi ɗawainiya a kan abin da zai ƙare a cikin akwati. Masu sani su taimaka mini: in ce ya aiko, ko in ce ya dakata?

Mai gyaran waya, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Matsaloli biyu ne a cikin maganarka, kuma kowace zaman kanta take yi.

Ta farko ita ce kulle. A nan gida mun saba mutum ya sayi wayarsa daban, ya sayi layinsa daban, ya riƙa loda kati gwargwadon ƙarfinsa. A Amurka kuwa yawancin mutane kamfanin layi ne yake ba su waya, irin su AT&T da T-Mobile da Verizon, a raba musu kuɗinta a wata 24 ko 36, a haɗa da kuɗin kira da data. Domin kada mutum ya karɓi waya ya gudu, sai kamfanin ya kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasa. AT&T da T-Mobile duka sharaɗinsu shi ne sai an biya kuɗin wayar gaba ɗaya kafin su buɗe ta. Wannan kullen kuma ba a jikin wayar yake ba balle in kwance ta in cire shi. A rajistar kamfanin yake, kuma ko Apple da ya ƙera wayar ba ya buɗewa sai kamfanin layin ya ba da izini.

Ka ce wa ƙanenka ya shiga Settings, ya taɓa General, sannan About, ya gangara ƙasa har inda aka rubuta Carrier Lock. Idan ya ga No SIM restrictions, wayar a buɗe take. Idan wani abu daban ya gani, a kulle take. Ya ɗauki hoton wurin ya turo maka, kada ka tsaya a kan "ina jin a buɗe take".

Ta biyu ita ce wadda ta fi shafarka. Tun daga iPhone 14 da ta fito a watan Satumba na 2022, duk wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sim ko ɗaya. Idan ka juya gefenta ba za ka ga ɗan hujin nan da ake zura allura ba, sumul yake. Da eSIM kawai take aiki, wato layin da ake saukewa cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton wata lamba mai zane da kamfani zai ba ka. MTN da Airtel duka suna bayar da shi a Najeriya, amma sai ka je ofishinsu da kanka da lambar NIN ɗinka a mayar maka da layin, kuma daga ranar tsohon sim ɗinka ya mutu. Wayar tana iya ajiye layuka takwas ko fiye, biyu su yi aiki lokaci guda, saboda haka ga mazaunin Abuja wannan ba abin damuwa ba ne. Kai kuwa da kake cire sim ka saka wani a bakin iyaka, wanda kuma idan caji ya ƙare a gona kake zare layinka ka saka a ƙaramar Itel ta direba don ka ga saƙon banki, wannan sauƙin duka zai tafi. Ranar da wayar ta faɗa ruwa a fadama, layinka ya tafi tare da ita har sai ka sake komawa ofis.

Wani matashi mai sayar da waya, daga Jega

Baba, da izinin oga na sama, ni ina ganin an tsananta. Wayoyi irin wannan muna ɗauko su daga Farm Centre a Kano, kuma mutane suna amfani da su. Wadda take da ramin sim ana ɗora mata wani siririn cif a bayan sim ɗin ta kama sabis. Wadda ba ta da rami ma akwai masu huda ta su dasa mata. Kyauta ce fa, ka karɓa, in ba ta yi maka ba ka sayar ka cika kuɗi ka ɗauki wata.

Mai gyaran waya, daga Birnin Kebbi

Ƙanena, gaskiya ne ana yi, amma ka faɗa wa Alhaji sauran labarin. Wayar cif ita ce wadda ake dawo mini da ita bayan an sabunta manhajarta sabis ya ɗauke, ko mai ita ya canza layi ta koma tana neman a sake saita ta. Wadda aka huda kuwa an riga an buɗe cikinta an taɓa allon da ke ɗauke da kayan cikinta, ruwa da ƙura sun sami hanya, kuma Apple ba zai karɓe ta a garanti ba. Shi ya sa kuɗinsu yake ƙasa da na sauran a kasuwa, araha kuwa ba ta ado. Shawararka ta a sayar ma sai an lura, domin mai saye zai duba wurin nan da na faɗa, ya ga a kulle take, ya taya ta da kuɗin da Alhaji zai ji kunyar gaya wa ƙanensa.

Wata malama, daga Argungu

Alhaji, ni ɓangaren yaron nake dubawa. Aiko da wayar ba ya sauke masa bashin. Zai ci gaba da biya duk wata a kan abin da ba ya hannunsa. Idan kuma wani abu ya gitta ya daina biya, kamfanin yana iya saka lambar shaidar wayar, wato IMEI, cikin jerin waɗanda aka toshe, buɗewa ta gaskiya ta gagara, shi kuma sunansa ya ɓaci wajen masu ba da lamuni, abin da a can yake shafar har neman gidan haya. Kada kyautar da ya yi don faranta maka ta zame masa nauyi. Ka tambaye shi nawa ya rage. Idan kaɗan ne, sai ya biya, ya nemi a buɗe ta tun tana hannunsa, domin mai asusun ne ya fi sauƙin nema. Ya kuma fita daga asusunsa na Apple, wato iCloud, kafin ya ba ɗan aike, in ba haka ba ko a buɗe take za ta iso tana tambayarka kalmar sirrinsa.

Wani ɗan kasuwa, daga Yawuri

Abin da ban ga an taɓo ba shi ne cewa waya mai suna ɗaya ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. iPhone 14 da 15 da 16 na Turai da na Dubai suna da ramin sim ɗaya da kuma eSIM. Na Hong Kong da na Sin suna ɗaukar sim biyu na hannu, ɗaya a kowace fuska ta ɗan farantin, kuma su ne 'yan kasuwarmu suka fi nema. A shafin nan na About akwai lambar samfuri: wadda ta ƙare da LL/A ta Amurka ce, ZA/A ta Hong Kong, CH/A ta Sin. Harafin farko ma yana magana, M sabuwa ce daga kanti, F wadda kamfani ya gyara ya sake sayarwa, N wadda aka bayar a madadin wadda ta lalace. Ingila kuwa hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta hana kamfanoni sayar da waya a kulle tun Disamba 2021, shi ya sa 'yar hannun da ta fito daga can ba ta cika ba da wahala ba idan ba tsohuwa ba ce sosai.

Samsung ma haka take. Wadda lambarta ta ƙare da U ta kamfanonin layin Amurka ce, wadda ke da DS a ƙarshe ita ce mai sim biyu. Wasu wayoyin Android na Amurka kuma ba su da dukkan zangon 4G, wato mitocin da waya ke kama sabis a kansu, da kamfanoninmu suke amfani da su, misali zango na 28 da Glo ke kai, sai ka ga waya mai tsada tana jan ƙafa a inda Tecno ke gudu. Tecno da Infinix da Itel, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne, don kasuwa irin tamu aka yi su, da sim biyu da babban batir, kayan gyaransu kuma ko a kasuwar Kamba ba za a rasa ba.

Ni da ni ne kai, Alhaji, sai in ce masa ya riƙe wayarsa ya gama biya, abin da ya yi niyya ya turo da kuɗi, ka sayi mai sim biyu a Kano. A gaban mai shagon ka saka layukanka uku ɗaya bayan ɗaya, ka yi kira da kowanne, ka danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lambar.

Mai tambaya, daga Kamba

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi magana da shi, ya turo hoton, a kulle take, kuma abin da ya rage masa ba kaɗan ba ne. Malama, maganarki ce ta sa na ce masa ya riƙe abarsa, ya kuma amince zai turo abin da ya sauƙaƙa bayan ya gama biya. Saura tambaya ɗaya ga mai gyara: idan na sami ta Hong Kong mai sim biyu, zan iya ƙara layi na uku a matsayin eSIM?

Mai gyaran waya, daga Birnin Kebbi

A'a, Alhaji, samfurin 14 da 15 da 16 masu sim biyu na hannu ba sa karɓar eSIM. Ka saka MTN da Airtel a ciki, layin Nijar kuma ka bar shi a ƙaramar waya mai maɓalli wadda cajinta ke kwana da kwanaki. Idan ka tashi zuwa Kano ka biyo ta shago, zan haɗa ka da yaron da zai duba maka batir da fuskar wayar kafin ka biya.