Muhawara: da gaske Turanci ya fi Hausa kalmomin fushi da gaba?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Yau na rubuta wa 'yan ajina kalmomi tara a allo: anger, rage, resentment, rancour, animosity, acrimony, grudge, spite, malice. Na ce su fassara. Duk ajin "fushi" da "ƙiyayya" kawai suka yi ta juyawa. Abin ya dame ni ƙwarai. Na fara yarda cewa a wannan fannin Turanci ya fi harshenmu zurfi.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, yaran ne Hausarsu ta yi ƙaranci, harshen bai gaza ba. Ina haushi? Ina takaici, tsana, gaba, riƙo, ƙeta? A ce mutum ya hasala daban ne, ya fusata daban, ya harzuƙa kuma daban.

Malam Habu: To Hajiya, ba ni resentment da kalma ɗaya.

Kabiru: Bari in sa baki, Malam, tunda fassara ce sana'ata. Resentment daga Faransanci ta zo, asalinta "sake jin abu". An yi maka abu bara, bana ma in ka tuna sai ya sake sukar ka. Wannan ai shi ne ƙullata, ko a ce ya riƙe shi a zuci. Kuma yawan da kake gani, aro ne ya kawo shi. Anger kanta daga harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, waɗanda suka riƙa kai wa Ingila hari ta teku, kuma a wurinsu baƙin ciki take nufi. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmomi suka yi ta kwarara. Rancour tushenta ɗaya da rancid, man da ya daɗe har ya yi wari. Acrimony daga kalmar Latin mai nufin kaifi. Animosity kuwa da can jarumta take nufi.

Malam Habu: Aro ba aibi ba ne, Kabiru. Mu ma hassada da adawa daga Larabci muka samo, wa zai ce yau ba Hausa ba ne? Abin da nake faɗa shi ne kowacce da aikinta. Acrimony a baki take, zafafan maganganun da ake jifan juna da su wajen rabon gado ko mutuwar aure. Rancour a ciki take, tana ruɓewa shekara da shekaru. Spite kuma ɗan aikin da za ka yi don kawai wani ya ji zafi, ko da ba ka ƙaru da komai ba.

Zainab: Malam, wannan ta ƙarshe na gan ta da idona. Lokacin da famfon unguwarmu ya ɗauke, wata mata ta gama wanki, ruwa ya rage mata rabin bokiti. Yarinyar maƙwabciyarta tana tsaye da ɗan kwano tana jira. Ta kalle ta, ta tuntsurar da ruwan a rariya. Babu wanda ya nemi kalma a wurin, kowa cewa ya yi "wannan ƙeta ce".

Malam Habu: Na karɓi ƙeta, Zainab. Ta zauna daidai.

Hajiya Binta: To ni ma ga tawa, Malam. Fassara mini gaba zuwa Turanci da kalma ɗaya. Na san wa da ƙani da suka shekara biyu gida ɗaya, su haɗu a zaure kowa ya kau da kai. In ɗaya yana son tsani a wurin ɗaya, yaro ake aika. Ranar sallah uwarsu ta zuba musu tuwo kwano biyu, abin da ba ta taɓa yi ba, tana zubawa tana share hawaye. Mene ne sunan wannan a Turanci?

Malam Habu: Enmity, ko feud.

Kabiru: A'a Malam. Enmity ba ta ɗauke da shirun nan, ana iya yin ta ana gaisawa. Feud kuma rikicin dangi da dangi ne da ake gada, sau da yawa har da jini. Bature sai ya haɗa jimla, ya ce not on speaking terms. Shi ya sa a Turancin Najeriya aka ƙirƙiro keeping malice. Mutumin Landan ba haka yake amfani da malice ba, a wurinsa niyyar cutarwa ce, har a shari'ar kisan kai ana ambaton ta.

Malam Habu: Gaskiya ne, ni kaina na sha ja wa yara jan biro a kan keeping malice.

Hajiya Binta: Kuma gaba a wurinmu har wa'adi gare ta, tunda hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Ga 'yan ubanci, ga zaman doya da manja, ga "ba sa ga maciji". Sibling rivalry ta Bature, wato kishi tsakanin 'yan'uwa, ba ta san akwai ɗakin uwargida da na amarya ba.

Malam Habu: Na ji, Hajiya, kuma na sauko a kan gaba da 'yan ubanci. Amma resentment har yanzu ban gamsu ba. Ƙullata tana da ƙanshin ramuwa, kamar ana jiran rana. Resentment kuwa ta wanda aka danne ce, ƙaramin ma'aikacin da aka tsallake shi aka ba wani matsayi, yana gaida maigidan kullum da safe, abin yana cin sa, kuma ba shi da niyyar yin komai.

Zainab: Wannan ba takaici ba ne, Malam?

Malam Habu: Takaici kana iya jin sa a kan kanka, ko a kan motar da ta mutu maka a hanya. Resentment dole akwai mutumin da kake ganin ya zalunce ka.

Kabiru: In a rubutu na same ta, "yana jin haushinsa a zuci" nake sawa. Kalma biyar ke nan. Hajiya, ko kin taɓa jin tsofaffi suna da guda ɗaya?

Hajiya Binta: Kakata takan ce "yana cikinsa". Bari in je wurin Inna da yamma in tambaye ta.