Neman shawara: ina so in cire ƙarafunan da ke cikin Sienna ba tare da na raunana jikinta ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Bara na sayi Toyota Sienna ƙirar 2006 da kuɗin gadon da aka raba mana, bayan 'yan uwana sun matsa in sayi fili, ni kuma na ga gonar kajina ta fi bukatar mota, domin kuɗin hayar da nake biya wajen kai ƙwai kasuwa yana cinye ribar. Na cire kujerun tsakiya da na baya, amma ƙarafunan da suka rage a daɓe da gefe suna hana kiret zama daidai, har ƙwai yana fashewa. Wani mai walda ya riga ya yanke biyu da giranda, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Yaya zan cire sauran?

Tsohon fanalbita: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗa mana waɗanne biyu aka yanke ba, alhali nan maganar take. Sienna ba ta da shasi daban irin na Hilux. Jikin nata shi ne ƙashinta, saboda haka daɓe da ginshiƙai da rufi duk tare suke ɗaukar nauyi. Duk ƙarfen da aka ɗaure da noti, ka kwance shi da sifana, sannan ka mayar da notin ramin don kada ruwa da ƙura su shigo. Ƙaramin ƙarfen da aka liƙa da ɗigon walda na kamfani, wanda kafet ko robar gefe kawai yake riƙewa, ana huda ɗigon ne ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ratsa daɓen ba, a kankare, a shafa jan fenti saboda tsatsa. Amma wanda ya gitta daga gefe zuwa gefe, da ginshiƙin tsakanin ƙofofi, da inda bel yake kamawa, kada kowa ya taɓa su.

Mai walda: Baba, da girmamawa, mun sha yanke irin waɗannan a motocin haya kuma har yau suna kan hanya. Malam, a share komai, in ya so a gitta ƙarfen kwana a ƙasa a yi masa walda.

Tsohon fanalbita: Suna kan hanya ne domin ba a buge su ta gefe ba tukuna. Zafin walda yana rage ƙarfin siririn ƙarfen jikin mota, yana kuma ƙone fentin da ke ɗaya fuskar, tsatsa ta ci daga inda ido ba ya gani. Ga tankin mai da bututunsa a ƙarƙashin daɓen nan, kai kuma kana maganar wuta.

Direba: Ni abin da ya same ni ke nan. An yi mini walda ba a cire kan batir ba, kwamfutar motar ta ƙone, na yi sati uku ina yawo a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa kafin in sami wadda ta dace, kuma wanda ya yi ɓarnar ko haƙuri bai ba ni ba.

Hajiya mai gidan burodi: Me ya sa sai an yanke? A tawa motar katako kafinta ya shimfiɗa a kan ƙarafunan, daɓen ya daidaita, kuma ranar da zan sayar kujeruna za su koma inda suke.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya, amma katako zai cinye mini tsayin jeri guda na kiret, kuma ba ni da niyyar sayarwa. Baba, mai waldan da ya yi mini aikin ya daɗe a sana'ar, ba na jin zai yanke abin da bai kamata ba. Biyun ƙanana ne, suna kusa da tayar baya.

Tsohon fanalbita: Kusa da tayar baya ta ciki ko ta gefen ginshiƙi? Ka ɗaga kafet ka ɗauko hoto, ƙanena, kafin a sake kunna giranda.

Mai tambaya: Motar tana wurinsa yanzu, ya ce zai ƙarasa gobe da safe. Zan gwada kiransa.