Lambar F30.3: wa ya taɓa cin karo da ita a fayil?

Mai rekod, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida a ɗakin rekod na asibiti, amma jiya wani fayil ya tsayar da ni. Matashi ne, karonsa na farko. Ya yi kwana huɗu bai runtsa ba, ga surutu ba tsayawa, ya sayar da babur ɗinsa ya rabar da kuɗin a kasuwa. An kwantar da shi da maniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa zumuɗi fiye da kima, an sallame shi, yanzu ya dawo ganin likita. Likita ya rubuta cewa ciwon ya lafa amma bai gama kwantawa ba. Na duba intanet na ga F30.3, sai na buɗe littafin lambobin cututtuka, ICD-10, na Hukumar Lafiya ta Duniya da ke kan teburina: daga F30.2 sai F30.8. Ina ta shige? Duk wanda ya taɓa haɗuwa da irin wannan ya taimaka.

Mai sa lamba, Abuja:
Wa alaikumus salam Hajiya. Littafinki bai yi kuskure ba. F30.3 ta ICD-10-CM ce, wadda Amurka ta faɗaɗa don amfaninta, suka fara aiki da ita ranar 1 ga Oktoba 2015. A can F30.3 ciwon ya lafa ne da saura, F30.4 kuma ya kwanta gaba ɗaya. Ni daga gida nake yi wa wani kamfanin can aiki, kuma a kan wannan gaɓar na sha gyara a watana na biyu. Likita ya rubuta cewa mutumin ya natsu yana shan magani, ni kuwa na ɗauka an gama, na sa F30.4. Mai duba aikina ta dawo da shi da tambaya ɗaya: a ina likita ya ce ya kwanta gaba ɗaya? Na sake karantawa layi-layi, babu. Tun daga ranar, in likita bai faɗa da alƙalaminsa ba, takardar tambaya nake tura masa.

Wani abu kuma: F31.73 ta fi zuwa mini, ita ce lambar baifola (ciwon da ke jujjuya mutum tsakanin maniya da tsananin damuwa) da ta lafa da saura bayan maniya. Likitocinsu da ke bin DSM-5, littafinsu na gane cututtukan ƙwaƙwalwa, suna ɗaukar maniya ko da sau ɗaya ce a matsayin baifola nau'i na ɗaya. A ma'auninsu, sai mutum ya yi wata 2 ba wata alama ta a zo a gani kafin a ce ya kwanta gaba ɗaya, wato F31.74.

Nas, Kano:
Ni ba lamba nake sawa ba, amma abin da muke rubutawa shi ne ke isa teburinku, shi ya sa zancen ya taɓa ni. Mu Hausawa in aka ce "ya jiki?" amsar guda ce: "da sauƙi." Ko mutum yana kan gado ba ya iya ɗaga kai, haka za a ce. To in nas ta tsaya a nan, ta rubuta an samu sauƙi, me likita zai kama? Na koyi in bar wannan tambayar in koma kan barci. Awa nawa ya yi jiya? Wa ya gan shi yana barcin? Akwai wata uwa da ta ce mini ɗanta lafiya ƙalau, da na matsa sai ta ce ƙarfe uku na dare take jin sa yana wanke tsakar gida, yana ta lissafin shagunan da zai buɗe. Ya daina faɗa, ya daina fita tsirara, amma barcinsa awa uku ne. Wannan shi ne "da saura" ɗin da lambar ke nufi, kuma a daidai nan ne iyali suka fi ajiye magani.

Mai rekod, Damagaram:
Mu a Nijar CIM-10 muke ce mata, da Faransanci, amma lambobin iri ɗaya ne da na littafin Hajiya. F31.7 kawai muke da ita ga baifola da ta lafa, ba ta raba mai saura da marar saura. ICD-11, sabon bugun da ya gaji ICD-10, da ta fara aiki a Janairu 2022 ta raba: 6A60.B ce ta wanda ya lafa da saura bayan maniya.

Yayar mai jinya:
Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciya ba ce. Ƙanena ne ke da irin wannan ciwon. Da aka sallame shi, baffanmu ya ce ai ya warke, a bar ƙwayoyin nan tunda suna sa shi nauyin jiki da yawan barci. Aka bari. Ba a rufa wata biyu ba muka koma da shi cikin dare, maza uku na riƙe da shi. Da a ce wani ya zaunar da mu ya ce mana ciwon lafawa ya yi, da ban yarda ba. Yanzu litiyam yake sha, ni nake kai shi gwajin jini, kuma ni nake riƙe da katinsa.

Mai rekod, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa ƙanenki lafiya, Yaya. Da safe na kai wa likita fayil ɗin. Ya ce tunda littafin Hukumar Lafiya muke bi kuma yaron bai yi jiye-jiye ko gane-gane ba, a bar shi a F30.1, ya ƙara rubuta matakin lafawar da hannunsa a ƙasa, ya sa ranar dawowa bayan mako biyu.